Yoyon Hanji: Mene Ne Gaskiyarsa, Kuma Yaya Ake Kare Bangon Hanji?

Tambaya:

Ina zaune a Yakasai, cikin birnin Kano. Na ga wani bidiyo a waya ana cewa akwai cutar "yoyon hanji", wai ita ce tushen kumburin ciki da kasala da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, ana kuma tallan maganin da ke wanke ta. Maigidana yana fama da kumburin ciki, ɗana kuma mai shekara biyu ba ya girma yadda ya kamata, gudawa tana yawan dawo masa. Shin wannan cuta gaskiya ce? In saya musu maganin?

Amsa:

'Yar'uwa, amsar a taƙaice ita ce: bangon hanji yana iya yin rauni har abin da bai kamata ba ya riƙa tsallakawa cikin jiki, kuma likitoci suna iya auna hakan. Amma yawanci alama ce ta wata matsala da ke taɓa hanjin, kuma babu wani magani na kwalba da aka tabbatar yana toshe ta. Kada ki saya. Abin da ya fi gaggawa a tambayarki shi ne halin da yaron yake ciki.

Yadda bangon hanji yake

Abin da ya raba abincin da ke cikin hanji da jinin mutum shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, jere kamar tubali, da yauƙi a samanta. A ƙaramin hanji wannan shimfiɗa tana da 'yan tsirai kamar gashin tawul, domin ta samu faɗin tsotse abinci; in da za a baje ta, za ta kai kusan murabba'in mita 30. Tana sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5.

Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai wani ɗauri na furotin da ke matsewa ko ya ɗan saki. Ki ɗauke shi kamar ganuwar Kano a da: katanga ce, amma da ƙofofi da masu tsaronsu. Ruwa da gishiri suna wucewa, ƙwayoyin cuta da dafinsu ana tare su. Idan ɗaurin ya saki fiye da kima, ko tubalin ya zaizaye, sai ɓurɓushin ƙwayoyin cuta ya shiga, garkuwar jiki ta tashi faɗa, a samu kumburi. Wannan shi ne ake nufi da yoyon hanji.

Abin da aka tabbatar

Masu bincike suna auna shi ta hanyar shayar da mutum sukari iri biyu, laktulos da manitol, sannan a duba fitsari a ga yawan wanda ya tsallaka. A shekarar 2000 Dakta Alessio Fasano da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka suka bayyana wani furotin mai suna zonulin, wanda ke sassauta wancan ɗauri. An ga ƙaruwar yoyon ga masu cutar siliyak, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar furotin ɗin alkama, da masu cutar kumburin hanji mai daɗewa, da masu gudawa mai tsanani, da masu yawan shan giya ko maganin ciwon jiki.

Iƙirarin da masu talla ke yi, cewa duk kasala da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi daga nan suke, ba shi da hujja a likitance. Mai maganin da ya tara cututtuka goma a kwalba ɗaya, aljihunki yake nema.

Inda matsalar ta fi shafar mu: yara

A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, masu bincike sun bi diddigin jarirai, suka wallafa a 1991 cewa yaran da hanjinsu ya fi yoyo su ne girmansu ya fi ja baya. An ga irin wannan a wurare da dama na Afirka da kudancin Asiya. Dalilinsa shi ne yaro yana haɗiyar ƙwayoyin cutar bayan gida kullum, kaɗan-kaɗan, ta ruwa da hannu da ƙasa. Tsiran nan na hanji sai su gajarce, abinci ba ya tsotsuwa sosai, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga girma kuma ya tafi ga faɗa da cuta. Yaro yana ci amma yana tsumburewa, wani lokaci ma ba tare da gudawa ba.

Duk mazaunin cikin birni ya san hanyoyin da wannan ke bi. Gidaje a cushe, rijiya kusa da masai, kwata a buɗe a lungu, kududdufi yana cika da damina ya haɗe da ita, ruwan 'yan garuwa ba a san tushensa ba, ga kashin kaji da awaki a tsakar gidan da yaro ke rarrafe. Sannan kunun yaye da aka dama da safe ya wuni a buɗe.

Saboda haka ki kai yaron asibiti a auna nauyinsa da tsawonsa da damtsensa, a duba bayan gidansa. Asibitin yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala duk suna kusa da ku. Kada ki ba shi maganin wankin ciki ko kaɗan: yana jawo gudawa, ita kuwa tana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i.

Abin da ke kare hanjin yaro

1. Nonon uwa zalla wata 6 na farko, ba ruwa ba jiƙo, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu.

2. Idan gudawa ta zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, tare da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14: miligiram 20 a rana ga wanda ya wuce wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Wannan ita ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2004. Zinc yana taimaka wa bangon hanji ya gyaru, don haka a gama kwanakin ko da gudawar ta tsaya. Kada a daina ba shi abinci.

3. A tafasa ruwan shansa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda.

4. Wanke hannu da sabulu bayan tsarki, bayan wanke wa yaro, da kafin dama kunu. A zubar da fo a masai nan take.

5. A raba wurin wasansa da wurin dabbobi, a shimfiɗa masa tabarma.

6. A cika rigakafi. Tun 2022 Najeriya ta sa na rotabairos, mai jawo gudawar jarirai, cikin rigakafin da ake bayarwa kyauta.

7. A ƙara wa kununsa gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai da kifi da wake. A tsince gyaɗa da masara masu hunhuna a zubar, domin suna ɗauke da dafin aflatoksin mai cutar da hanta.

Game da maigida

Kumburin ciki yana da dalilai da yawa: gyambon ciki, tsutsar ciki, rashin narkewar madara, bushewar ciki, ko saurin ci. Gwaji ne ke rarrabe su. Ki tambaye shi ko yana shan haɗin ciwon jiki daga kemis. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam da aspirin suna cin bangon tumbi da na hanji idan aka daɗe a kansu, musamman da ciki wayam. Haka shan Flagyl da kafso ba tare da umarnin likita ba yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji.

Waɗannan ƙwayoyi masu amfani dusar abinci suke ci, su samar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban abincin bangon babban hanji. Ke nan abin da ake bukata yana Kasuwar Kurmi da Rimi da ma bakin lungu: gero da dawa da ba a cika surfewa ba, wake, ɗanwake, miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama, aya, da kindirmo mai tsabta ga wanda cikinsa ke karɓa. A rage lemon kwalba da yawan soye-soye. Gurasa da alkaki ba a hana su sai ga wanda gwaji ya nuna yana da siliyak. Barin cika ciki maƙil ma yana rage kumburi, kuma shi ne ladabin da ya zo a hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib wanda Tirmizi ya ruwaito.

Kada a haɗa shi da hujewar hanji

Akwai huda ta zahiri da zazzaɓin taifot ke yi wa hanji, yawanci a mako na biyu ko na uku na ciwon, kuma ana ganin ta a asibitocin Kano. Mai zazzaɓi da cikinsa ya murɗa farat ɗaya, ya kumbura ya yi tauri, a kai shi asibiti a daren. Aikin tiyata yake bukata, jinkiri kuma yana kisa. Haka jini a bayan gida, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko amai mai naci, duk na likita ne. Ga yaro kuwa, idan idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko ƙafafunsa suka kumbura, kada a kwana da shi a gida.

Kuɗin da za ki kashe a kwalbar nan, ki sayi sabulu da zinc da ƙwai, ki biya kuɗin gwaji. Allah ya ba su lafiya, ya raya yaron.

Allah ne mafi sani.