Ƙoda, Ɓargo da Ƙarancin Iskar Oksijin a Jini

Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, kuma da yake kowace ƙwaya kimanin kwana 120 kawai take yi kafin ta lalace, ɓargo yana ƙera sababbi dare da rana, kimanin miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Umarnin ƙara yawansu ko rage shi yana zuwa ne daga wani homon, wato sinadarin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga wata gaɓar, wanda ake kira eritiropoyetin, ko EPO a taƙaice, kuma ƙoda ce ke samar da mafi yawansa.

Tun a 1890 likitan Faransa François Viault ya lura cewa jajayen ƙwayoyin jininsa sun ƙaru bayan ya yi makonni a kan tsaunukan Peru, amma sai bayan kusan ƙarni guda aka gano dalili. Akwai wani furotin mai suna HIF a cikin ƙwayoyin ƙoda, wanda jiki ke rugurguzawa nan take muddin oksijin ya wadata. Idan kuwa ya yi ƙaranci, sai furotin ɗin ya taru ya kunna ƙwayar gadon da ke samar da EPO. A kan wannan bincike ne Kaelin da Ratcliffe da Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019. Idan mutum ya hau tsauni, homon ɗin yakan fara hauhawa cikin 'yan sa'o'i, ya kai ƙololuwa a kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya sauka, alhali ƙaruwar jinin kanta sai an yi makonni.

Birnin Kebbi da Argungu suna kwance ne a kwarin Rima, kimanin mita 200 sama da teku, inda iska ba ta da wani naƙasu. Duk da haka ƙoda ba ta auna iskar waje, abin da jini ya kawo mata take aunawa, shi ya sa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya farfasa wa ƙwayoyin jini, har tafin hannunsa da cikin fatar idonsa suka yi fari fat, ƙodarsa ke aika saƙo irin na mai hawan tsauni. Lamarin ba ƙarami ba ne a nan, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, mafi yawa a Najeriya. Haka abin yake ga mai sikila, wanda ƙwayoyinsa kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, da mai tsargiya da ke zubar da jini a fitsari bayan yawan shiga ruwan fadamun shinkafa.

Masu gasar nutso a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu suna gamuwa da wani nau'in ƙarancin oksijin na ɗan lokaci, sai dai a wurinsu saifa ce ke fara kai ɗauki, ta matse ta sako ƙwayoyin da ta ajiye.

Umarni kaɗai ba ya ƙera jini. Idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a hanta da nama da kifi da wake, komai yawan EPO ɓargo ba zai iya cika aiki ba. Idan kuma ƙodar ce ta lalace, saƙon ma ba ya fita yadda ya kamata, dalilin da ya sa masu wankin ƙoda ke fama da ƙarancin jini, ake yi musu allurar EPO da ɗan Adam ya haɗa, wadda aka amince da ita a Amurka tun 1989, tare da maganin ƙarfe.