Cutar Sikila a Manhajar Hausa: Sakamakon Bincike da Matsalar Kalmomin Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin batutuwan kiwon lafiya da ake sakawa a darussan auna fahimta da insha'i, da wuya a sami wanda ya shafi ɗalibin Nijeriya kai-tsaye kamar cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006 ya nuna cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara. Wannan maƙala za ta duba abin da bincike ya gano game da gadon cutar, da maganinta, da matsayin motsa jiki ga mai ita, sannan ta nuna inda kalmomin da muke amfani da su a aji suke kawo ruɗani. An ɗauki Jikwoyi a matsayin misali, wato unguwar nan da ke gefen Abuja a kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, inda ƙabilu da dama ke zaune tare kuma Hausa take cikin harsunan da ke haɗa su a kasuwa da tasha.

Tsakanin 2017 da 2019, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada jinin jarirai sama da 3,600 a cibiyoyin lafiya biyar na matakin farko a Gwagwalada, a lokacin da iyaye mata suka kawo su rigakafi. An sami 51 masu SS, yayin da kusan ɗaya cikin kowane biyar yake da AS. Idan aka kwatanta ajin Jikwoyi mai yara hamsin da wannan lissafi, to kimanin goma daga cikinsu suna ɗauke da gadon, kuma akasarinsu ba su sani ba. Waɗannan su ne iyayen shekaru goma sha biyar masu zuwa.

2.0 Yadda Ake Gadon Cutar

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa sassan jiki. Umarnin haɗa wannan sinadari yana rubuce a cikin abin da mutum ya gada, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A wajen mai sikila, harafi ɗaya tak ne ya sauya a wannan umarni. Sakamakon haka shi ne, idan iska ta yi ƙaranci a jini, sai himogulobin ɗin ya sandare, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama zagayayyiya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Ingilishi ne ma aka samo kalmar sikila. Irin waɗannan ƙwayoyi kan maƙale a ƙananan hanyoyin jini su haddasa matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Ba sa kuma daɗewa: lafiyayyiyar ƙwaya kan yi kwana 120, ita kuwa mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da yaron. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana wannan siffa a 1910, sannan a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitar gadon a ƙasashenmu.

A nan ne matsalar harshe ta fara. A kafofin watsa labarai na Hausa, "ƙwayar halitta" kan ɗauki ma'ana biyu: wani lokaci ana nufin ɗan tubalin da aka gina jiki da shi, wani lokaci kuma ana nufin umarnin da ake gada. Ga kuma "ƙwayar cuta" da "ƙwayar magani" a gefe. Yaron da ya ji an ce sikila tana cikin "ƙwayoyin halitta" zai iya ɗauka cewa wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta zama kusa da mai ita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a keɓe "ƙwayar gado" ga abin da ake gada, a bar "ƙwayar jini" ga abin da ke yawo a jijiya, kuma kada littafi ɗaya ya musanya su.

Ruɗani na biyu ya fi na farko haɗari. Mutane da yawa kan kira AA da AS da SS "rukunin jini", alhali rukunin jini shi ne A, B, AB da O, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini. Wanda ya san cewa shi O ne zai iya zaton ya gama da batun gwajin aure, ga shi kuwa bai taɓa shi ba. Tun da Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, wannan bambanci ya zama abin da saurayi da budurwa za su tarar a rubuce a takardar asibiti. Aro kalmar "jinotayif" ya fi sauƙi, domin ta riga ta shiga bakin jama'a.

Akwai kuma kuskuren lissafi da ya zama ruwan dare. Ana cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai zama SS, sai mai sauraro ya fahimci cewa in an haifi mai cutar guda, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, kuma yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu tana sabuntawa a kowace haihuwa. Malami na iya nuna wannan da jakunkuna biyu, kowace da farin wake ɗaya da ja ɗaya. Ɗalibi ya zaro ɗaya daga kowace jaka ido rufe, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a sake har sau arba'in. Yara za su gani da idonsu cewa ja biyu kan fito sau biyu ko uku a jere, wani lokaci kuma a yi goma ba a gan su ba.

3.0 Magani

Abuja na da nata tarihin a wannan fage. A Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, aka inganta wani haɗin gargajiya da aka karɓa daga Rabaran Paul Ogunyale, aka kira shi Niprisan. Cikin abubuwa huɗun da aka haɗa akwai masoro da kanumfari da ganyen wani nau'in dawa. Gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani, kodayake mutanen da aka gwada ba su kai ɗari ba. An ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, sai kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa na shekaru. Labari ne da ya dace da darasin karatu, domin yana nuna nisan da ke tsakanin "an ce yana magani" da "an gwada an tabbatar".

Binciken da ya fi nauyi, a ganin mai wannan rubutu, shi ne na Kano. Kimanin kashi 11 cikin ɗari na yara masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara ashirin idan ba a yi rigakafi ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi masa kowane wata, abin da iyali a Kano ko Jikwoyi ba zai iya jurewa ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu wannan haɗari. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin himogulobin ɗin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya sandarewa. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo da matsakaici duka sun rage shanyewar sosai, ba tare da wani bambanci a zo a gani tsakaninsu ba. Malami ba likita ba ne, amma shi ke ganin yaro awa shida a rana. Karkacewar baki, ko sanyin hannu ɗaya, ko harɗewar magana farat ɗaya, alamu ne na a garzaya asibiti. Haka ma ɗalibin da ƙoƙarinsa ya faɗi ba dalili, domin akwai shanyewar da ke taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da ta bayyana a jiki ba.

Warkewa gaba ɗaya tana yiwuwa ta dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a gyara ƙwayar gadonsu da fasahar CRISPR, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Sakin layi ɗaya ya ishe shi a littafin sakandare. Ya kamata kuma marubuta su yi hattara da yabon sabon magani, ganin yadda kamfanin Pfizer ya janye Oxbryta daga kasuwa a 2024, shekaru biyar kacal bayan an amince da shi.

4.0 Motsa Jiki

An daɗe ana hana masu sikila motsa jiki, kuma da dalili: wahala mai tsanani, da zafi, da ƙishirwa, duk suna hanzarta lanƙwashewar ƙwayoyin jini. Wani gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2018, ya sassauta wannan hukunci. An raba manya arba'in gida biyu, rabinsu suka riƙa tuƙa keken motsa jiki sau uku a mako har mako takwas, kowa daidai ƙarfin da aka auna masa. Ba a ga ƙarin tashin ciwo ba, jurewarsu kuma ta ƙaru. Sai dai manya ne waɗanda cutar ba ta yi wa mummunar illa ba, kuma likitoci na tsaye a kansu, don haka ba hujja ba ce ta sa yaro gudun zagaye fili.

Kalmar "motsa jiki" ita kanta tana buƙatar iyaka a littafi, domin ta haɗa tafiya a hankali da tsere da tsallen kwaɗo. Abin da binciken ya goyi baya shi ne matsakaicin motsi, wanda yaro zai iya magana yana yin sa, da hutu a tsakani, a inuwa, da ruwa a hannu. Horo da durƙuso a rana ko tsallen kwaɗo ba ya cikin wannan. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, saboda haka yawan neman izinin fita fitsari daga cutar yake, kuma hana shi shan ruwa a aji na iya kai shi gadon asibiti. A lokacin hunturu a bar shi ya ɗora rigar sanyi a kan yunifom, ko da dokar makaranta ba ta tanadi hakan ba.