Dare ɗaya Allah kan yi Bature: talakawan da talabijin ta ɗaga da tsakar dare

Hausawa kan ce dare ɗaya Allah kan yi Bature. Mu da muke aikin rediyo mun sha jin wannan magana a bakin masu bugo mana waya, amma inda ta zauna daram shi ne a wani ɗan kanti da ke titin Broadway a birnin New York na ƙasar Amurka, cikin shekarar 1993. A nan ne wasu bayin Allah biyu ƴan ƙasar Bangaladash, Mujibur Rahman da Sirajul Islam, suke tsaron kantin wani, suna sayar wa baƙi riguna da huluna da sauran kayan tsaraba. Babu wanda ya san da zamansu in ban da maigidansu da iyalansu. Kafin shekara ta zagayo, miliyoyin Amurkawa sun san fuskokinsu, suna kiran sunayensu kamar waɗanda suka tashi unguwa ɗaya.

Domin mai karatu ya gane yadda abin ya faru, sai mun ɗan koma baya. A Amurka akwai wata irin hira da manyan gidajen talabijin ke sawa bayan labaran ƙarfe 11 na dare. Mutum ɗaya ne mai barkwanci yake zaune bayan tebur, ga makaɗa a gefe, ga jama'a cike da zaure, yana zolayar shugabanni yana kuma karɓar baƙi, galibi ƴan fim da mawaƙa da ƴan siyasa. Ana ɗaukar shirin da yamma, a nuna shi da dare, Litinin zuwa Juma'a. Sarkin wannan fage shi ne Johnny Carson, wanda ya riƙe shirin gidan NBC shekara 30, daga 1962 zuwa 1992. Da ya sauka, mutane da yawa sun zaci David Letterman ne zai gaje shi, tunda shi ke gabatar da shirin da ke biye da na Carson tun 1982, sai aka bai wa Jay Leno kujerar. Letterman ya tattara komatsansa ya koma gidan CBS a kan albashin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 14 a shekara. CBS ta saya masa tsohon zauren wasanni na Ed Sullivan, wato inda mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka yi wasansu da ya girgiza Amurka a 1964. Ranar 30 ga Agusta 1993 aka fara sabon shirin, da ƙarfe 11:35 na dare agogon New York, lokacin da mu a nan ladanai ke shirin kiran asuba.

To, kantin su Mujibur, mai suna K&L's Rock America, yana maƙwabtaka da wannan zaure ne.

Cika sa'a guda kowane dare, sau biyar a mako, ba wasa ba ne. Wannan mun san shi a jikinmu, domin ko a ɗan gidan rediyonmu da muryarsa ba ta wuce ƙauyukan kewaye ba, akwai daren da za ka zauna gaban makirfo ba ka da abin cewa. Dabarar Letterman ita ce ya aika mai kyamara waje ya leƙa shagunan maƙwabta, shi yana zaune a tebur yana yi wa duk wanda aka tarar tambayoyi. Da kyamara ta faɗa kantin tsarabar nan, sai ta ci karo da mutum biyu masu fara'a da ladabi, Turancinsu da karin harshen ƙasarsu, suna amsa tambayar zolaya da gaskiyarsu. Zaure ya ɓarke da dariya. Aka sake komawa, aka kuma komawa, har ta kai ana shigo da su kan dandamali.

Abin ya kai ƙololuwa a tsakiyar 1994, inda aka ɗauke su daga bakin kanti aka sa su zagaya Amurka daga gaɓar gabas zuwa ta yamma a matsayin wakilan shirin, suna aiko da rahoto ta tauraron ɗan Adam. Duk garin da suka sauka sai ka ga jama'a sun taru, wannan na neman hoto, wancan na neman sa hannu. Mutanen da suka je ci-rani neman abin sakawa a bakin salati, ga su ana tarbarsu kamar manyan baƙi. Da aka gama yawon suka dawo bakin aikinsu, sai dai yanzu rabin masu shigowa kantin su suka zo gani, rigar kuwa sai a haɗa da ita.

Da su ake dariya, ko su ake yi wa?

Tun a wancan lokaci wannan tambaya ta taso a jaridun Amurka. Masu suka suka ce attajiri ne farar fata ya samo talakawa baƙin haure yana nishaɗantar da mutanensa da lafazinsu da rashin sanin kan barkwancin ƙasar. Masu kare shi suka ce ai haka yake yi wa kowa, har da mahaifiyarsa. Wannan kuwa gaskiya ne: a watan Fabrairun 1994 ya tura tsohuwarsa Dorothy, matar gida daga jihar Indiana, zuwa wasannin Olamfik na hunturu a Lillehammer ta ƙasar Norwe, ta riƙe makirfo har ta yi hira da Hillary Clinton, uwargidan shugaban ƙasa a lokacin.

Mu dai a ganinmu kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiyar. Wanda ya kalli tsofaffin hotunan zai ga akwai ƙauna a ciki, kuma ba kasafai Ba'amurken wancan zamani ke ganin mai suna Rahman ko Islam a talabijin ana tafa masa ba. Amma zai kuma lura cewa mutum ɗaya ne kawai ya san inda wasan ya dosa. Shi ke da marubuta a bayan fage, shi ke yanke abin da za a nuna, shi ke cewa gobe a dawo ko kada a dawo. Su kuwa abin da suka kawo shi ne kawunansu. Ranar da masu kallo suka saba da fuskokinsu, dariyar ta ragu, fitowarsu ta yi ta ja da baya har ta koma jefi-jefi. Ba wanda ya kore su, kyamarar ce dai ta juya wani wajen.

Akwai maƙwabci na uku da ya fi su daɗewa a fage, Rupert Jee, mai wani ɗan shagon abinci da ake kira Hello Deli a titi na 53, daf da ƙofar bayan zauren. Shi ma a 1993 aka gano shi. Mutum ne mai sanyin magana, don haka Letterman kan sa masa ƴar na'ura a kunne ya tura shi cikin gari da ɓoyayyar kyamara, yana raɗa masa maganganun tsokana shi kuma yana maimaita wa mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Ya fito sau ɗaruruwa cikin shekara 22. Abin da ya burge mu da shi, bai taɓa sakin wuƙar yankan burodinsa ba. Ya sanya wa kalolin abincinsa sunayen ma'aikatan shirin, masu yawon buɗe ido suka riƙa yin layi, in kyamara ta tafi ya juya ya ci gaba da sallamar masu ciniki. Letterman ya yi bankwana ranar 20 ga Mayu 2015, Rupert ya ci gaba da buɗe shago har 2023 da ya sanar da cewa zai huta.

Mai muryar zinariya

Labarin da ya fi taɓa mu, don na ɗan'uwanmu ne a sana'a, shi ne na Ted Williams. An haife shi a 1957 a unguwar Brooklyn, ya yi soja, ya koyi aikin murya, ya zama mai gabatar da shirin dare a gidan rediyon WVKO da ke Columbus a jihar Ohio. Allah ya ba shi murya irin wadda in ta fito daga akwati sai mai tuƙi ya rage gudu. Giya da hodar iblis suka shiga tsakaninsa da aikin, ya rasa gida, ya rabu da iyali, ya shiga kurkuku ya fita, ya ƙare yana bara a wata mararrabar babbar hanya da kwali a hannu, wanda ya rubuta a kai cewa shi tsohon ma'aikacin rediyo ne da duniya ta juya wa baya.

Wani mai ɗaukar hoto na jaridar Columbus Dispatch, Doral Chenoweth, ya tsaya da mota ya ce ya gwada masa muryar. Hoton bai cika minti 2 ba. An sa shi a shafin jaridar ranar 3 ga Janairu 2011, wani ya kwafa ya ɗora a YouTube, miliyoyi suka kalla cikin kwana biyu. Ranar 6 ga wata, mutumin da ya shiga sabuwar shekara yana kwana a tanti, an yi masa aski an sa masa tufafi masu tsabta, yana New York: da safe muryarsa ce ta buɗe shirin Today na NBC, da tsakar dare yana zaune kusa da Jimmy Fallon ana tafa masa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers ta yi masa tayin aiki da gida. Kamfanin Kraft ya ba shi tallar taliya. Aka haɗa shi da mahaifiyarsa mai shekara 90, wadda suka yi kusan shekara 20 ba su ga juna ba, aka kuma yi haɗuwar a gaban kyamara, domin hawayen ma kaya ne na sayarwa.

Duk wannan cikin mako ɗaya. Mako na biyu bai ƙare ba ƴan sanda a Los Angeles suka tsare shi na ɗan lokaci kan wata hayaniya da ƴarsa a otal, ya amsa a shirin Dr. Phil cewa ya koma shan giya, aka kai shi gidan jinyar masu shaye-shaye a Texas, ya fice kafin mako biyu. Gidajen da suka yi rububinsa jiya su ne suka yi rububin labarin faɗuwarsa. Ba mu ce talabijin ce ta ɗora masa ciwon ba, da abinsa ta same shi. Amma mutumin da ke fama da irin wannan jarraba, a ɗauke shi daga bakin titi a yi ta yawo da shi a jirgi daga wannan zaure zuwa wancan, ba barci ba hutu, ga kuɗi ga masu roƙo ga masu neman a sa musu hannu a takarda, wa ya tsaya ya tambayi ko zai iya ɗauka? Daga baya ya koma jinya da ƙafarsa, ya fitar da littafin tarihinsa a 2012, amma a 2014 ya shaida wa ƴan jarida cewa kuɗin sun bi ruwa. A farkon 2016 ya koma tsohon gidan rediyonsa da shirin safe, wanda bai wuce ƴan watanni ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna nuna Amurka da yatsa ne mu hannunmu tsaf. Shekarun baya akwai wani dattijo mai gadin wani shago kusa da gidan rediyonmu, wanda in dare ya yi kan zauna wajen mai shayi yana kwaikwayon muryoyi: sanƙiran kasuwa, kamashon tasha, tsohuwa mai cinikin daddawa, har kukan jaki. Wani daren Alhamis baƙon da muka gayyata bai zo ba, sai muka ce Baba ya shigo ya cike mana gurbin. Wayarmu ba ta huta ba har muka rufe tasha. Muka sake kiransa sau uku ko huɗu, kowane zuwa mu ba shi jika ɗaya na goro, mu kuwa masu talla suka fara tambayar kuɗin sa sanarwa a wannan sa'ar.

Abin da ba mu hango ba shi ne abin da ke faruwa in ya fita daga ɗakinmu. Yara suka riƙa binsa a titi suna cewa ya yi musu kukan jaki, dattijo mai jikoki. Samarin fada suka mai da bakin shagon da yake gadi wurin hira, mai shagon ya ga taron ya yi yawa da dare ya sallame shi. Daga ƙauyensu aka yi ta aiko masa da buƙatu, tunda an ji shi a rediyo ai ya samu. Ana cikin haka lokacin kokowar takobi ya zo, masu saurare suka koma zancen ƴan kokowa, mu ma muka bi su. Sai bayan wata biyu muka ji abin da ya same shi, kuma a bakin mai shayi muka ji. Muka yi ta faɗi-tashi har aka samar masa wani gadin a bayan gari. Tun daga lokacin muka sa wa kanmu doka a tasha: duk wanda ba sana'arsa ce magana a bainar jama'a ba, sai mun ɗauki muryarsa mun kunna masa ya ji, ya kwana ya shawarci iyalinsa, kafin mu watsa.

Shi kansa fagen da ya ɗaga su Mujibur ya yi rauni. Matasan Amurka sun daina jiran ƙarfe 11:35, guntayen shirin suke kallo a waya washegari, kuɗin talla ya ragu, har a watan Yulin 2025 CBS ta sanar da cewa za ta rufe shirin baki ɗaya a watan Mayun 2026, bayan Stephen Colbert ya riƙe shi tun 2015. Yanzu waya ce ke yin Baturen dare ɗaya, ita kuwa ba ta da ko jika ɗayan da za ta ba mutum na goro.

Kwanan baya mun haɗu da Baba a kasuwa, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Muka durƙusa muka gaishe shi, muna shirin sake ba shi haƙuri kan abin da ya wuce. Bai bari mun kai ga nan ba. Ya riƙe hannun ɗayanmu ya ce: "Ɗana, na koyi muryar mai tallar maganin nan na lasifika. Yaushe za ku kira ni?"