Karatu Daga Nesa: Abin da Ya Kai Ɗalibi ga Intanet

Tun zamanin da, al'adar mai neman ilimi a ƙasar Hausa ita ce ya bar gida ya nufi inda malami yake, ko Katsina, ko Zariya, ko gabas, domin a wancan lokaci ilimi yana cikin ƙirazan malamai ne da littattafan da ake kwafa da hannu. Amma masu hikima sun daɗe da lura cewa ba kowa ke da ikon tafiya ba, shi ya sa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta riƙa naɗa mata masu muƙamin jaji su kai karatu ga matan ƙauyuka, kuma a shekarar 1964 gwamnatin Nijar ta soma koyar da yara ta talabijin.

To, idan muka dubi Cake ta yankin Mayahi, da ƙauyukan da suka miƙa har Tasawa, za mu tarar da malamin lakwal, da ma'aikacin likita, da matar aure mai goyo, waɗanda suke da himmar ƙaro ilimi, alhali kuwa jami'a mafi kusa ita ce ta Dan Dicko Dankoulodo da aka kafa a Maraɗi a 2010, in ba ita ba sai irin su Damagaram ko Yamai, zama a can kuwa sai da kuɗin mota da na haya da na abinci, ga gonar gero da ba ta jira idan damina ta faɗi. Irin waɗannan su ne intanet ke yi wa rana, domin da salula ɗaya ɗalibi zai sauko da littafin da babu shi a garinsu, ya saurari darasi bayan sallar Isha'i ya kuma maimaita shi har ya fahimta, ya aika wa malaminsa tambaya ta WhatsApp, ya yi muzakara da abokan karatunsa da ke nesa.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: inda babu lantarki sai cajin hasken rana, inda layi ke yankewa kuma kuɗin data ya yi wa talaka nauyi, wannan ni'ima ba ta kammala ba. Haka nan na'ura ba ta gyara kuskuren ɗalibi kamar yadda malami ke yi, ba ta kuma koya masa ladabi. Saboda haka haƙƙi ne a kan hukuma da kamfanonin waya su kai wuta da layi ƙauyuka, jami'o'i kuma su tanadi malamai masu amsa tambaya a kan lokaci.