Mai Baki Biyu: Tsofaffin Bindigogin Gado a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

 A shirinmu na yau, yamma muka dosa, ƙasar Ƙaraye da Rogo, inda jihar Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Ba rake da mazarƙwaila suka kai mu ba, ba kuma kifin madatsar ruwa ta Challawa ba. Wata aba ce da ake ratayewa a ƙuryar ɗaki, ko a naɗe ta a buhu a cusa bayan rumbu, wadda a yau mutane ba sa son a ji sunanta a bakinsu: tsohuwar bindigar gado, musamman mai baki biyu.

Na san da jin haka wani zai gyara zama. Shekarun nan bindiga ta sa Arewa kuka, ta tashi ƙauyuka, ta mayar da mata zawarawa, yara marayu. Don haka bari mu bambance tun da wuri. Ba makaman ɓarayin daji muke nufi ba. Muna nufin bindigar maharbi, wadda ta girmi mai riƙe da ita, wadda kaka ya saya da kuɗin gyaɗa ko na auduga, ya harbi zabon daji da fakara da gada, ya kori birai daga gona, ya rasu ya bar wa ɗansa.

A Ingila da Amurka da Faransa akwai mutanen da tara irin waɗannan bindigogi shi ne abin sha'awarsu. Suna bin gidajen gwanjo irin su Holts da ke Ingila, suna neman ƙirar Purdey, kamfanin Landan da aka kafa a 1814, ko ta Holland & Holland, ko ta Greener na Birmingham. Sabuwar Purdey guda ɗaya a yau kuɗinta ya haura fam 100,000. Amma masu tarawa na gaske ba tsada kaɗai ke jan su ba, baƙuwar ƙira suke farauta. Akwai Darne ta garin Saint-Étienne a Faransa, wadda ba a karya ta a tsakiya, bayanta ake ja ya zame. Akwai Paradox da Holland & Holland suka fitar a 1886, mai harba ƙananan dalma, ta kuma harba dunƙulallen harsashi. Akwai wadda mafarautan kudancin Afirka suka so, baki ɗaya na tsuntsu, ɗaya na babban nama.

A Kurugu ko Yammedi, a Zarewa ko Fulatan ko Ruwan Bago, ba al'adarmu ba ce mutum ya jera bindigogi a akwatin gilashi yana kallo. Mu gado ne ke tara mana su. Gidan maharba zai iya haɗa kwari da baka na kakan kaka, da adakar kaka, da harba-ka-ruga ta uba, wani lokaci da mai baki biyu guda ɗaya wadda ita ce sarauniyar ɗakin. Kusa da su ga burtu, ga layu, ga jakar fata ta albarushi. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan tari, amma tarihin zuriya ne a jere, kuma a ganina ya fi na Baturen daraja, domin kowace ɗaya an san hannun da ya riƙe ta da dajin da ta shiga.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an kawo garkuwa da bindigogi daga ƙasar Nufe. Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye masu bindiga a cikin masu tsaron lafiyarsa. Can Damagaram, Sarki Tanimu ya kai ga sa maƙeransa zuba igwa da haɗa albarushi a Zindar. Ƙarar da muke ji ranar hawan sallah, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su zabura, daga wannan tushe ta fito, kuma tana cikin hawan Kano da hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024.

To me ya sa adaka ce ta cika ƙauyukanmu, mai baki biyu kuwa sai gidan wane da wane? Dalilin yana Turai. A 1890 ƙasashen Turawa suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu ta ɗuri da albarushin kasuwa. Bayan sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kantuna suka buɗe, amma bindigar da ake karyawa a sa kwanso ta zama sai da izinin hukuma. Shi ya sa ta fi zama a hannun sarakuna da hakimai, da manyan ma'aikatan En'e, da attajirai, da tsofaffin sojoji. Talaka maharbi kuwa ya koma wa maƙerin garinsu, maƙeri ya dubi ta Bature, ya hura zugazugi, ya ƙera tasa.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, bakin biyu ba ado ba ne. Adaka in ka harba, sai ka tsaya ka zuba albarushi, ka ɗura, ka daka, kafin nan nama ya yi nisa. Mai baki biyu tana ba ka harbi na biyu nan take. Sannan a yawancinsu bakunan ba ɗaya ba ne: na dama a sake yake, yana watsa dalma ga abin da ke kusa, na hagu an ɗan matse ƙarshensa domin ya tattara dalma ya kai nesa. Kunama biyu ce, kowane baki da tasa, maharbi ya zaɓa gwargwadon nisan tsuntsu. Tsofaffin ƙira suna da 'yan guduma biyu a waje da ake ɗanawa da babban yatsa. A 1875 wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards biyu, Anson da Deeley, suka ɓoye gudumar a ciki, kuma yawancin waɗanda aka ƙera daga baya tsarinsu suka bi. Lamba 12 da ake gani a jikinsu kuma ma'aunin faɗin baki ne: in aka dunƙula dalma daidai faɗin bakin, guda 12 ne ke yin nauyin laba ɗaya.

Yanzu ga inda nake so masu sauraro su kasa kunne sosai, domin nan ne daɗin abin yake. Kusan kowace bindigar Turai tana ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta. A ƙarƙashin bakunan, wajen gindinsu, inda katakon gaba ya rufe, akwai ƙananan tambura da aka buga a ƙarfe. Gidajen gwaji ne suka buga su, bayan sun cika bindigar da albarushi fiye da ƙima sun harba, sun ga ba ta fashe ba. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake wannan aiki. In ka ga sanduna biyu a gicciye da kambi a sama, tsohon tambarin Birmingham ne. In ka ga kambi a kan haruffan BNP, daga 1954 zuwa sama aka gwada ta. In ka ga haruffa uku, E da L da G, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, daga Liège ta ƙasar Beljiyam ta fito, garin da ya cika kasuwannin Afirka da bindigogi masu araha. In da kambi a kan da'irar, ba ta riga 1893 ba. Wadda aka rubuta wa Robust ko Simplex ƙirar kamfanin Manufrance ce, irin da ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da maƙwabciyarmu Nijar. Baikal kuwa ta Rasha ce, kuma in an rubuta USSR a jikinta, an ƙera ta kafin Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991.

Ku duba fa, ƙarfe ɗaya rataye a ɗakin ƙasa a ƙauyen Rogo yana iya gaya maka garin da aka ƙera shi da zamaninsa. In ka haɗa da abin da dattijon gidan ya sani, wa ya saya, a wace kasuwa, zamanin wane hakimi, buhun gyaɗa nawa aka bayar, sai ka ga hanyar fatauci ta miƙe tun daga Turai har ƙofar gidan. Wannan ilimi a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffin suna tafiya.

Akwai kuma gargaɗi, kuma ina roƙo a ɗauke shi da muhimmanci. Wasu tsofaffin bakuna za ka ga wani kyakkyawan zane a jikinsu mai lanƙwasa. Ba fenti ba ne. Sandunan ƙarfe iri biyu aka murɗa kamar tufkar igiya, aka naɗe, aka daka da zafi har suka haɗe. Masu tarawa na son su ƙwarai, amma an yi su ne domin baƙin albarushin da. Tsatsa kan shiga tsakanin murɗin inda ido ba ya gani, kuma kwanson zamani ya fi ƙarfinsu. Haka nan da yawa daga tsofaffin na Ingila an yanka mazaunin kwansonsu milimita 65 ne, kwanson kasuwa yanzu kuwa yawanci 70 ne. Zai shiga, amma ba nasa ba ne. Hannun hagu na maharbi a daidai wurin da bakin ke tsagewa yake. Adaka kuma tana iya shekara da shekaru da ɗuri a cikinta ba wanda ya sani, albarushin bai mutu ba. Kada yaro ya taɓa, kada a kai ta kusa da wuta, kada a leƙa bakinta.

Doka ma tana da magana. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi-kashi. Mai baki biyu tana cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka da sauran na ɗuri kuwa a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha izininsu yake. Gado ba ya zama lasisi; takardar uba ba ta rufe ɗa. Kuma a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ga kuma abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa, yawancinsu 'yan jihar Kano, suna hanyar dawowa gida sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Tun daga nan duk mai bindigar gado ya ƙara jan jiki.

Sai magaji ya rasa yadda zai yi. Wani ya binne ta, damina biyu tsatsa ta cinye ƙarfen, gara ta cinye ƙotar. Wani ya ba ɗan sintiri aro, a ɗura mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Wani ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Wata kuma ta faɗa cikin kamen hukuma, a haɗa ta da makaman ɓarayi a lalata. Ban ga laifin hukuma ba a kan tattara makamai, tun da an kafa cibiya ta ƙasa domin wannan aiki a 2021, kuma muna son ta yi nasara. Abin da ke damuna shi ne babu mai tsayawa ya duba tambarin kafin a sa wuta.

Masarautar Ƙaraye, wadda tun watan Yulin 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, tana da abin da ake bukata: hakimai, dagatai, masu unguwanni, da sarakunan baka da suka san kowane gidan maharba. Da za a keɓe ɗaki ɗaya a fada, da sanin 'yan sanda, da shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano, sai duk mai tsohuwar bindigar da ya daina amfani da ita ya kawo. Masani ya tabbatar babu ɗuri, ya kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a rubuta sunan gidan da garin, a ɗauki muryar dattijon yana ba da labarinta. Adakar maƙerin gida ta zauna kusa da ta Liège, da sunan maƙerin in an san shi, domin shi ma gwani ne. Magaji ya huta da fargaba, sunan kakansa ya tsira, ɗaliban makarantun yankin su sami abin zuwa gani.

Kafin a kai ga haka, ɗan gidan maharba da ke sauraronmu yana da waya a aljihu. Ya zauna da baba ko kawu bayan la'asar, ya tambaye shi daga ina ta zo, wa ya fara riƙe ta, wane daji ta shiga, ya naɗi amsar ya adana. In akwai tsohuwar takardar lasisi ko rasiɗin kanti a ƙasan adaka ta kaya, a sa a leda a ɓoye. Batun matsayin bindigar a doka kuwa, a bi ta hannun mai unguwa da dagaci zuwa ofishin 'yan sanda na yanki.