Kano ko Ibadan: Lissafin da matashi ke yi kafin ya ɗaure kayansa

Tun ranar 1 ga Yunin 2022 da Gwamnatin Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, matasan Arewa da yawa da ke ci-rani a can suka shiga neman mafita. Wasu sun loda baburansu a tirela sun dawo gida. Wasu kuwa ba su wuce Ibadan ba, birnin da kakanninmu ke kira Badun. Dalilinsu a fili yake: komawa Kano da babur ba ta da wani amfani, domin an hana acaɓa a cikin birnin tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero.

Yanzu batun ya wuce na ’yan acaɓa. Mai gyaran waya a Farm Centre, da yaron shago a Kantin Kwari da ya gaji da jiran ranar sallama, da wanda ya gama hidimar ƙasa yake zaune da takardu a hannu, duk suna jefa wa kansu tambayar nan: in zauna Kano in ci gaba da gogayya, ko in gangara Kurmi?

Abin da Kano ke bayarwa

A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta zo da mutum miliyan 9.4, kuma kaso mai tsoka na wannan adadi yana cunkushe ne a ƙananan hukumomi takwas: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Wannan cunkoso shi ne arzikin garin, shi ne kuma ciwon kansa. Duk abin da ka kasa za ka samu mai saye. Amma kafin ka gama kasawa mutum goma sun kasa irinsa a gefenka, riba ta koma ’yar ƙanƙanuwa.

Babban abin da ke riƙe ɗan kasuwa a Kano shi ne amana. A Kwari ko Singa ko Dawanau, wanda aka san mahaifinsa da unguwarsu zai iya ɗaukar kaya da safe ba tare da ko sisi ba, ya kawo kuɗi da yamma ko bayan mako. Wannan jari ne da ba a rubuta shi a littafin banki, kuma ba ya shiga mota ya bi mutum zuwa wani gari. Matasa da yawa ba sa gane darajarsa sai sun tsaya a baƙuwar kasuwa an ce musu kuɗi hannu kawai.

Ga kuma gidan gado. Wanda ke da ɗaki a Yakasai ko Gwammaja, ko da soro ne aka gyara masa, ya tsira daga kuɗin haya. Wanda ba shi da shi kuwa, gari na ta tura shi baya: Danbare, Rimin Kebe, Bachirawa, Mariri, unguwannin awon igiya da ba kwata, ba ruwan famfo, sai ’yan garuwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu daga irin waɗannan wurare zuwa kasuwa ya zama wata haya ta biyu.

Aikin albashi shi ne raunin Kano. Masana’antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka ɗauki iyayenmu aiki, da yawa sun koma rumbunan ajiye kaya saboda rashin wuta da tsadar dizal. Bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, shi ake ta sa wa ido.

Ibadan ba baƙon wuri ba ne

Bahaushe ya daɗe a Ibadan. An kafa unguwar Sabo tun 1916, kuma fataucin goro da na shanu ne suka raya ta. Akwai iyalai a can da jikokinsu ke jin Yarbanci kamar ’yan gari, amma a cikin gida Hausa suke yi. Bayan Sabo ga Ojoo da Shasha, ga kasuwar Bodija inda wake da masara da gero na Arewa ke sauka, ga karar shanu a Akinyele. Musulmi suna da yawa a garin, don haka masallaci da Islamiyya ba abin nema ba ne.

Abin da ya sauya shi ne Legas ta cika ta tumbatsa, kuma Ibadan ce ke tare ambaliyar. Jirgin ƙasa na zamani da aka ƙaddamar a Yunin 2021 yana haɗa biranen biyu a kan layi mai tsawon kilomita 157, tasharsa kuma tana Moniya, kusa da inda ’yan Arewa suka fi yawa. Gwamnatin Seyi Makinde na gina hanyar da za ta kewaye birnin mai kilomita 110. Gine-gine na tashi ta ko’ina, kuma duk inda ake gini ana neman lebura, mai gadi, mai haƙa rijiya, mai shayi. Ko a mafi ƙarancin albashi akwai tazara: a 2024 Oyo ta amince da naira 80,000, Kano kuma 71,000.

Sai dai haya a can ba irin ta gida ba ce. Ban da kuɗin shekara, akwai la’adar dillali da kuɗin yarjejeniya, wani lokaci har da na ajiya saboda ɓarna. Shi ya sa za ka tarar da samari biyar ko shida a ɗaki guda, ko suna kwana a rumfar kasuwa. A haka ne ake tara kuɗin da ake turowa gida, kuma wanda ya ga alat ɗin bai ga tabarmar ba.

Shasha

Ba a maganar zaman Ibadan a tsallake watan Fabrairun 2021. Saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ya rikiɗe ya zama rikicin ƙabilanci. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mata da yara suka fake a gidan Sarkin Sasa. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara sun je da kansu, daga baya kuma ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Waɗanda suka yi asarar sun haɗa da mutanen da aka haifa a nan, ba su san wani gida ba.

An koma kasuwa, ana ciniki tare kamar da. Kuma adalci ne a tuna cewa Kano ma ta ga nata tashin hankalin, harin 20 ga Janairun 2012 bai bar zukatan mutanenta ba, ga faɗan daba da ƙwacen waya da ke addabar unguwanni. Bambancin kawai shi ne, idan abu ya tashi a garinku ka san lungun da za ka shiga.

A ganina, saurayin da ke da sana’a a hannu, walda ko gyaran waya ko tuƙi, kuma yake da wanda zai sauke shi, bai yi wauta ba idan ya ba Ibadan shekara biyu ko uku. Mai iyali da kasuwancinsa ya dogara da bashin ’yan uwa ya ƙara tunani. Tafiyar tana cinye yini guda har da dare, ko ta Mokwa da Jebba aka bi ko ta Lokoja, don haka rasuwa ko rashin lafiyar mahaifiya ba abin da za a ce gobe da safe ina nan ba ne.

Akwai kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga jami’a, tallafin karatu da aikin gwamnati. Yaron da aka haifa a Sabo ko Ojoo yakan sha wuya kafin ya same ta a Oyo. Sau da yawa sai mahaifinsa ya sa shi a mota zuwa Dala ko Gwale, ya nemo mai unguwar da zai shaida cewa ya san kakansa.