Ƙarin Lokaci Ga Makaho A Jarrabawa Ba Alfarma Ba Ne

Duk shekara idan jarrabawar JAMB da ta WAEC ta ƙarato, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisun unguwa da shirye-shiryen rediyo na kiran waya: wai don me ake ware wa makafi cibiyarsu daban, a karanta musu tambayoyi, a ƙara musu lokaci, alhali sauran yara na fama da dogon layi da kwamfuta mai ɗaukewa ana tsaka da aiki? Wasu na cewa son kai ne. Wasu kuma, waɗanda suka fi ba ni takaici, suna goyon bayan abin amma da hujjar tausayi: "A ƙyale su, bayin Allah, a taimaka musu." Dukansu sun ɗauka sadaka ake yi wa yaran nan.

Wanda bai taɓa ganin makaho yana rubutu ba shi ne zai faɗi haka. Rubutun Braille, wanda wani matashi makaho ɗan Faransa mai suna Louis Braille ya ƙirƙiro a 1824, ɗigogi shida ne kacal ake jujjuyawa, uku a hagu uku a dama, su ba da harafi. Ido na iya kwashe haruffa da yawa a kallo ɗaya, amma ɗan yatsa harafi ɗaya yake taɓawa, sannan ya matsa na gaba. Wajen rubutu kuwa abin ya fi wuya. Ɗalibi zai maƙale takarda mai kauri a cikin ɗan allo na ƙarfe ko na roba, ya ɗauki tsinke yana huda ta ta baya, daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, domin idan aka kife takardar ɗigogin su fito daidai. In yana so ya duba abin da ya rubuta a layin baya, sai ya zare takardar, ya juya ta, ya shafa, ya mayar, ya laluba inda ya tsaya. Yanzu a ba shi dogon labarin nan na jarrabawar Turanci wanda ake amsa tambayoyi a kansa. Mai gani zai ɗaga ido ya koma sakin layi na biyu cikin ƙiftawa. Shi kuwa sai ya bi da hannu, ko ya roƙi mai karantawa ya maimaita.

A kasuwar Dawanau babu mai sayen gyaɗa da zai yarda a auna masa da nauyin buhu a ciki, mai sayarwa ma ba ya cewa an zalunce shi don an cire. Gyaɗa aka zo saye. Jarrabawa ma ilimi ta zo aunawa, saurin ido buhu ne kawai, kuma buhun makaho ya fi na kowa nauyi. Ƙarin lokacin cire wannan nauyin ne. Ba a sauƙaƙa masa manhaja ba, ba a ba shi amsa ba. Da a ce maki ake ƙara masa kyauta, da masu ƙorafi sun sami abin faɗa.

A nan kam JAMB ta yi abin a yaba mata. Tun 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawa a wasu zaɓaɓɓun cibiyoyi, ciki har da Kano. Sai dai yaran da ke kaiwa wannan ƙofa 'yan tsiraru ne, kuma a nan ainihin rashin adalcin yake, ba a zauren jarrabawa ba.

Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tun 1953 take. Kano na da ta Tudun Maliki. Amma uban da ke wani ƙauye mai nisa, wanda aka haifa wa yaro marar gani, zaɓinsa biyu ne: ya tura ɗan shekara shida makarantar kwana a wani gari, ko ya bar shi a gida har wani ya ba shi shawarar sanda da ƙoƙo. Wanda ya dace ya shiga sakandaren gama-gari kuma, sau da yawa zama kawai yake yi. Malami na rubutu a allo yana cewa "ku dubi wannan, ku haɗa shi da wancan", babu littafin Braille, babu wanda ya iya koyar da lissafi da shi. Daga nan sai a lallaɓa yaron a ce ya bar kimiyya ya koma fannin adabi, daga baya kuma a ce makafi ba sa iya lissafi.

Kurame kuwa matsalarsu ta fi ɓoyuwa. Yaro ya tashi da maganar hannu irin ta gida, ya je makaranta ya tarar da wata wadda tushenta Amurka ne, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960, sannan a yi masa jarrabawa da Turancin da bai taɓa jin sautinsa ba.

Doka kuwa akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da tanadar ƙwararren malami da kayan aiki, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. An kafa hukumar ƙasa a 2020 don sa ido. Amma firamare da sakandare galibi a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma jami'anmu sun fi son rabon kekunan guragu a gaban 'yan jarida fiye da ɗaukar malamin Braille da za a riƙa biya albashi duk wata. Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika tun Janairun 2024. Har yau a manyan makarantu da dama, ɗalibi mai keken guragu sai abokansa sun ciccibe shi sun hau bene da shi kafin ya halarci lacca, in kuma bai same su ba ranar ta wuce shi.